Sharhi: Jami'a a bakin gona, darasi daga manoman gaɓar tekun Biyetnam

Duk shekara, daga watan Disamba har zuwa Afrilu, idan ruwan sama ya ɗauke a kudancin ƙasar Biyetnam, hankalin manoman shinkafa na fadamar kogin Mekong yakan koma kan abu ɗaya, wato gishiri. Ruwan kogi yana ja da baya, na teku kuma yana turowa ta cikin rassan kogin da magudanan ban ruwa. Manomi zai iya buɗe ƙofar ruwa ya shayar da gonarsa, bayan ƴan kwanaki ya tarar ganyen shinkafa ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Ruwan da ya shigar a ido garau yake, sai an ɗanɗana ko an auna ake gane ya gauraya da na teku.

Wani zai ce, to mu ina ruwanmu da teku, mu da ko gaɓarsa ba mu da ita? Akwai ruwanmu ta fuska biyu. Ta farko, mafi yawan shinkafar da ake ci a Nijar daga Asiya take zuwa, kuma mun ga abin da ya faru a 2023 lokacin da Indiya ta hana fitar da farar shinkafarta a watan Yuli, a daidai lokacin da hanyar Kwatano ta rufe mana. Kowane magidanci ya ji a jikinsa. Idan babban rumbu irin na Mekong ya samu tangarɗa, farashi a kasuwar duniya yakan motsa, mu kuma mu biya. Ta biyu, yankin nan yana da wata jami'a da ta daɗe tana aiki kafaɗa da kafaɗa da manoma, mu kuwa yau kowace jiha tamu tana da jami'arta. Shi ya sa muka ga ya kamata mu duba abin da jami'ar yanki take iya yi wa manomi, da inda ƙarfinta ya tsaya.

Rumbun Biyetnam

Kogin Mekong ya taso daga tsaunukan Tibet, ya ratsa ƙasashe 6: Sin, Myanmar, Laos, Tailan, Kambodiya da Biyetnam. Kafin ya faɗa teku sai ya rarrabu, ya shimfiɗa fadama mai faɗin murabba'in kilomita kusan 40,000, inda mutane fiye da miliyan 17 ke rayuwa. Fiye da rabin shinkafar Biyetnam a nan ake noma ta, haka ma kusan kashi 90 cikin 100 na wadda ƙasar ke saidawa waje. A 2024 Biyetnam ta fitar da kusan ton miliyan 9, kuma a Afirka ta Yamma Gana da Kodebuwa suna cikin manyan masu sayenta.

A tsakiyar wannan fadama birnin Can Tho yake, ana furta sunan Kan To. An kafa jami'ar birnin a 1966, ana tsakiyar yaƙi. Ba ita ce babbar jami'ar ƙasar ba, waɗannan suna Hanoi da birnin Ho Chi Minh. Jami'ar yanki ce, mafi yawan ɗalibanta ƴaƴan manoman fadamar ne.

Shekarar da aka rufe aji

Bayan ƙarewar yaƙi a 1975, ƙasar ta shiga ƙarancin cimaka. Ana cikin haka sai wani ɗan ƙwaro mai ruwan ƙasa, mai tsotse ruwan jikin shinkafa, ya faɗa wa gonaki. Irin da manoma ke shukawa ya kasa jure masa, maganin feshi kuma babu shi wadatacce. Wani malamin jami'ar, Vo Tong Xuan, wanda ya yi karatu a Filifin kuma ya yi aiki a cibiyar binciken shinkafa ta duniya IRRI kafin ya dawo gida a 1971, ya rubuta wa tsofaffin abokan aikinsa. Masanin iri Gurdev Khush ya aiko masa da ƴan giram na sababbin iri ta gidan waya, a cikinsu akwai IR36 mai jure ƙwaron.

Iri ɗan kaɗan a cikin ambulan ba ya ciyar da ƙasa. Xuan da abokan aikinsa suka ninka shi a gonar jami'a ta hanyar dasa tsiro ɗaya tak a kowane rami, maimakon dunƙulen da manoma suka saba. Da irin ya kai ton 2, sai ya shawo kan shugabannin jami'ar suka rufe azuzuwa na wata 2. Ɗalibai fiye da 2,000 suka bazu cikin ƙauyuka, kowa da ɗan irinsa, suna nuna wa manoma yadda za su ninka shi su kuma ba maƙwabta. Wannan ya faru tsakanin 1977 da 1978. Cikin ƴan damana kaɗan IR36 ta game fadamar.

Kada mu ɗora wa jami'a abin da ba ita kaɗai ta yi ba. Biyetnam ta koma fitar da shinkafa a 1989, kuma babban dalili shi ne sauyin siyasar da aka fara a 1986, da matakin 1988 da ya mayar wa kowane gida ikon noma gonarsa da sayar da amfaninsa. Amma lokacin da aka sakar wa manomi mara, ya tarar da iri mai kyau a hannunsa, da mutanen da ya sani waɗanda zai iya tambaya. Xuan ya rasu a watan Agustan 2024, ƴan watanni bayan shi da Khush sun karɓi kyautar kimiyya ta VinFuture a kan wannan aiki.

Aikin yau da gobe

Rufe jami'a na wata 2 abu ne na gaggawa, ba a yin sa kullum. Abin da ya fi ɗorewa shi ne aikin da ya biyo baya, wanda ba ya shiga labarai. Jami'ar tana fitar da nata irin shinkafa masu lambar MTL, cibiyar binciken shinkafa ta gwamnati da ke O Mon, kusa da birnin, tana fitar da masu lambar OM. Tun tsakiyar shekarun 1990 wani sashe na jami'ar ya riƙa horar da manoma su kafa ƙungiyoyin iri a ƙauyukansu. Ana koya musu zaɓen zangarniya, tsabtace iri, gwada sabon iri a gonarsu, har da auratar da iri biyu don samun na uku. Ƙungiyoyin sun kai ɗaruruwa. Amfanin wannan a gaɓar teku a fili yake: gishirin wannan ƙauye ba ɗaya yake da na wancan ba, irin da ya yi kyau a gonar gwaji ta birni zai iya faɗuwa a gona mai nisan kilomita 10 daga teku. Manomin da ya iya gwaji da kansa ba sai ya jira wani ya zo daga birni ba.

Tsofaffin ɗalibai ma wata hanya ce. Ho Quang Cua, wanda ya gama karatun noma a Can Tho ya koma yankinsu na Soc Trang a bakin teku, shi da abokan aikinsa suka fitar da shinkafa mai ƙamshi ST25. Ita ce ta ci gasar shinkafa mafi daɗi a duniya a birnin Manila a 2019, kuma tana cikin irin da ake shukawa a gonakin da gishiri ke taɓawa.

Mu ma'aikatan rediyo akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. A 1994, a lardin Long An, masana na IRRI da hukumar kare tsirrai ta ƙasar sun lura manoma suna fesa maganin ƙwari tun shinkafa tana ƙarama, don tsoron tsutsar da ke naɗe ganye, alhali shinkafar takan warke da kanta, feshin kuma yana kashe gizo-gizo da sauran ƙwarin da ke cinye masu ɓarna. Sai aka taƙaita binciken cikin magana ɗaya: kada ka yi feshi a kwana 40 na farko, in kana shakka gwada a wani ɓangare na gonarka. Aka watsa ta a wasan kwaikwayo na rediyo da takardu. Yawan feshi ya ragu da fiye da rabi. Gani ya kori ji, amma sai da aka fara ji tukuna.

Gishiri: yaƙi ko zama tare?

Ruwan teku yana da gishiri kusan giram 35 a kowace lita. Shinkafa kuwa takan fara wahala tun gishiri bai kai giram 4 ba, musamman lokacin da take ƙarama da lokacin fure. Don haka hukumomin yankin suke bin layin giram 4 a taswira kamar yadda muke bin labarin faɗuwar damana. A 2016, shekarar babban fari, layin ya kutsa kilomita da dama cikin ƙasa, gonaki masu yawan gaske suka lalace, har ruwan sha ya gagara a wasu garuruwa. A 2020 gishirin ya fi na 2016 shiga, a wasu koguna na yankin ya wuce kilomita 100, larduna 5 suka ayyana dokar ta-ɓaci. Amma asarar shinkafa ta yi ƙasa sosai da ta 2016.

Me ya canza cikin shekara 4? Masana da ma'aikatar noma da hukumomin larduna sun zauna sun zana taswirar wuraren da ke cikin haɗari, aka shawarci manoma su matso da shuka gaba, tun Oktoba da Nuwamba, don a yi girbi kafin gishiri ya kai ƙarfinsa. A wasu wuraren aka ce a haƙura da shuka ta uku gaba ɗaya. Na'urar awon gishiri ta yaɗu, ana aika sakamakon awo ta wayar salula. Kun ga babu wata sabuwar na'ura mai tsada a nan. Kalanda aka gyara. Amma manomi ba ya canza ranar shukarsa don wani baƙo ya faɗa, sai in mai maganar ya taɓa faɗa masa gaskiya a baya.

Ba kullum ne masana ke gaba ba. A shekarun 1990 manufar gwamnati ita ce shinkafa kafin komai. Aka gina ƙofofin ruwa don hana ruwan teku shiga yankunan gaɓa, a mai da su na ruwan daɗi. Sai dai a wasu wuraren ƙasar tana da tsami, shinkafa ba ta yi, manoma kuwa sun gano kiwon jatan lande a ruwan gishiri-gishiri ya fi kawo kuɗi. A watan Fabrairun 2001 manoma a lardin Bac Lieu suka fasa madatsar Lang Tram da hannunsu don ruwan teku ya shigo. Bayan haka ne masu bincike, ciki har da na Can Tho, suka zauna da hukumomin lardin aka sake raba yankin, aka tsara lokacin buɗe ƙofofi da rufe su, yadda mai shinkafa da mai jatan lande kowa zai samu ruwan da yake so. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma aikin malamin gona na gaskiya ya haɗa da kai wannan labari sama tun kafin a kai ga fasa madatsa.

Xuan kansa ya shafe shekaru yana cewa a daina kallon ruwan gishiri a matsayin abokin gaba. A watan Nuwamban 2017 gwamnati ta fitar da ƙuduri mai lamba 120, wanda ya amince cewa ruwan daɗi da na gishiri-gishiri da na teku duk dukiya ce, kuma ba dole ne a noma shinkafa ko'ina ba. Tsarin da ya fi samun karɓuwa a gaɓa shi ne karɓa-karɓa. Da rani a bar ruwan gishiri ya shiga gona a yi kiwon jatan lande, idan ruwan sama ya sauka ya wanke ƙasa a dasa shinkafa. Kashin jatan lande taki ne ga shinkafa, ruɓaɓɓen kara kuma abinci ne a cikin ruwa. Manomi ba ya kuskura ya zuba maganin ƙwari barkatai, domin zai kashe abin da ya fi kawo masa kuɗi. Tsarin daga manoma ya samo asali. Abin da masana suka ƙara shi ne awo: yaushe ƙasa ta wanku, wane iri ya dace, jatan lande nawa gona za ta ɗauka ba tare da cuta ta ɓarke ba.

Inda ƙarfin jami'a ya tsaya

Duk da haka fadamar tana cikin haɗari, kuma manyan dalilan sun fi ƙarfin malamin gona. Ƙasar Sin ta gina manyan madatsun ruwa fiye da 10 a saman kogin, Laos ta ƙara nata, irin su Xayaburi da ta fara aiki a 2019. Madatsun suna riƙe lakar da a da take sauka ta gina fadamar. Ana haƙar rairayi daga gindin kogi don gine-gine, kogin na ƙara zurfi, ruwan teku na samun hanyar shiga. A watan Agustan 2024 Kambodiya ta ƙaddamar da aikin haƙa mashigin ruwa na Funan Techo mai tsawon kilomita 180, abin da ya tayar da hankalin masana a Biyetnam. A cikin gida kuma, yawan jan ruwan ƙarƙashin ƙasa yana sa ƙasar lotsawa da kusan santimita 1 a shekara, a wasu wuraren fiye da 2. Wani bincike da masanan jami'ar Utrecht ta Holan suka jagoranta a 2019 ya nuna cewa tsayin fadamar a kan teku, in an daidaita, bai kai mita 1 ba.

Jami'a ba ta iya rushe madatsar wata ƙasa. Abin da take iya yi shi ne ta auna, ta ajiye lissafi shekara da shekaru, ta faɗa a fili ko da magabata ba sa son ji. Ƙasar da ba ta da nata awo, in an zauna teburin raba ruwa, da lissafin maƙwabci za a yi mata hukunci.

Wa ke riƙe da ofis, wa ke biya?

A Biyetnam ofisoshin malaman gona na gwamnati ne, an tsara su a hukumance a 1993. Jami'a tana horar da ma'aikatan, tana ba da iri da sakamakon bincike, tana shiga ƙauyuka ta cibiyoyinta. A Amurka tsarin daban ne. Dokar 1862 ta ba jihohi filaye don kafa jami'o'in noma, ta 1887 ta ba su gonakin gwaji, ta 1914 kuma ta ɗora musu aikin kai ilimi ga manoma. Har yau kusan kowace gunduma tana da ofis mai ɗauke da sunan jami'ar jiharta, gwamnatin tarayya da jiha da gunduma suna haɗa kuɗin. A 1966 aka ƙirƙiro irin wannan shiri musamman don mazauna gaɓar teku da masunta.

Ko a can ma aikin ba ya rasa barazana. A farkon 2025 aka sanar da jami'ar jihar Maine cewa za a yanke tallafin dalar Amurka miliyan 4.5 na shirinta na gaɓar teku. Masunta da wakilan jihar suka yi ca, har gwamnati ta sake shawara. A daidai lokacin, rushe hukumar USAID ya tsayar da cibiyoyin binciken noma da dama na jami'o'in Amurka masu aiki da ƙasashen Afirka. Masuntan Maine suna da ƙuri'a a Amurka, manomin Afirka ba shi da ita. Ofishin da mutanen wuri suka san amfaninsa kuma suke sa kuɗinsu a ciki yana da masu kare shi. Wanda ya dogara kacokan da aljihun baƙo, ranar da baƙon ya tashi sai a rufe ƙofa.

A yankinmu ma an gwada hanyoyi. Jami'ar Cape Coast da ke gaɓar tekun Gana ta buɗe a 1993, da tallafin gidauniyar Sasakawa, wani karatun digiri na malaman gona da suka riga suka daɗe a bakin aiki. Ɗalibi yakan koma ƙauyen da yake aiki na tsawon watanni, ya zaɓi matsala ɗaya tare da manoma, a kanta za a auna shi. Daga baya tsarin ya iso jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Bayero a Kano. A Zariya kuwa cibiyar NAERLS, wadda ke ƙarƙashin jami'a, ta daɗe tana shirya shirye-shiryen rediyo da ƙasidu da Hausa. A Senegal, inda gishiri ya cinye gonakin shinkafa da yawa a Kasamans da Sine Salum tun farin shekarun 1970, an kafa jami'ar noma a yankin Kaulaha mai ɗauke da sunan Shehu Ibrahim Inyass, ta karɓi ɗalibanta na farko a 2019.

To mu fa?

A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi, ban da ta Abdou Moumouni da ke Yamai. Da yawansu suna da tsangayar noma. Muna da INRAN tun 1975, da cibiyarta ta Tarna a Maraɗi, muna da ONAHA mai kula da gonakin ban ruwa, da majalisun manoma na jihohi da haɗakarsu RECA, wadda manoma ke tura wa hoto da murya ta WhatsApp su samu amsa da harshensu. A 2017 aka kafa hukumar APCA don ta tsara aikin ba manoma shawara. Kenan ba gidaje muka rasa ba. Tambayar ita ce nawa ne daga cikin manoman da ke kilomita 20 daga jami'ar jiharsu suka san ƙofar da za su buga in tsutsa ta faɗa wa gonarsu.

Mun san abin yana yiwuwa, don mun gani a nan gida. Buhun PICS mai ciki uku da ake adana wake ba tare da magani ba, aikin jami'ar Purdue ta Amurka ne tare da masu binciken Afirka, kuma Maraɗi na cikin wuraren da aka fi gwada shi, da hannun masanin ƙwari Ibrahim Baoua, wanda ya yi aiki a INRAN kafin ya koma jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Tun daga 2007 aka riƙa ɗaure buhu a gaban jama'ar gari, a dawo bayan watanni a kwance shi a gabansu, rediyo kuma na sanarwa. Haka ma yaƙi da tsutsar zangarniyar hatsi ta hanyar sakin wani ɗan ƙwaro mai kama da zanzaro da ke kashe ta, wanda ake kai wa ƙauyuka a cikin ƴan ƙananan buhuna. Sassaben zamani kuwa, da ya mayar da itatuwa a miliyoyin hekta a jihohin Maraɗi da Damagaram tun shekarun 1980, daga gona zuwa gona ya yaɗu, masana suka biyo baya suna ƙidaya. Wannan shi ne namu Bac Lieu.

Gishirin ma ba baƙonmu ba ne, duk da ba mu da teku. Masu noman tattasai a bakin Komadugu a jihar Difa, masu lambu a kwaruruwan Gure da Maine Sorowa, mutanen Dallol Bosso da wasu gonakin shinkafa na bakin kogin Kwara sun san farin ɓawon da ke fitowa a saman ƙasa. A wuri mai zafi irin namu, ruwan ban ruwa yakan ƙafe ya bar gishiri da kanwa a baya, in babu magudanar da za ta fitar da su sai su taru shekara bayan shekara. Yanzu da magabata suka sa gaba wajen faɗaɗa manyan gonakin ban ruwa don ƙasa ta ciyar da kanta, kowace sabuwar hekta tana buƙatar wanda zai riƙa auna ruwa da ƙasa. Zancen madatsa a saman ruwa ma mun san shi, mutanen Gulbin Maraɗi za su ba da labarin yadda ruwa ya canza tun da aka gina madatsar Jibiya.

Matsalolin a bayyane suke. Ƙarin girman malamin jami'a a ƙasashenmu yana bi ta hukumar CAMES, kuma abin da ya fi nauyi a ma'auninta shi ne rubuce-rubucen bincike da ake bugawa da Faransanci ko Ingilishi. Malamin da ya kwashe damana yana yawo ƙauyuka ba lalle ya ga ladan haka a takardarsa ba. Ɗalibai na zuwa karkara don rubuta kundin kammala karatu, su cika takardun tambayoyi, su tafi, manomi bai sake jin abin da aka gano ba. Kuɗin bincike mafi yawa na ayyukan masu ba da tallafi ne, masu shekara 3 ko 4. Ga rashin tsaro da ya sa wasu yankunan Tilaberi da Difa suka yi wuyar shiga.

Abin da muke gani za a iya farawa da shi bai buƙatar biliyoyi. Kowace jami'ar jiha mai tsangayar noma ta keɓe ɗaki ɗaya da ma'aikaci na dindindin mai jin harshen wurin, a san ranakun da manomi zai iya kawo ganye mai cuta, ko ƙasar gonarsa, ko ruwan rijiyarsa a duba masa. Majalisar manoma ta jiha da ƙananan hukumomi su sa wani abu a kasafinsu, ko kaɗan ne, don ofishin ya zama nasu. A ɗaura wa kowane ɗalibin noma ƙauye ɗaya na tsawon damana guda, kuma kada a ba shi maki sai ya koma ya yi wa mutanen garin bayanin abin da ya gano da Hausa ko Zabarmanci ko Barbarci ko Fulatanci ko Tamajak. A lissafa wannan aiki a cikin nauyin malami, kamar yadda ake lissafa awoyin aji. Ba maye gurbin malaman gona na gwamnati za a yi ba, su ma suna buƙatar wurin da za su kai tambayar da ta fi ƙarfinsu.

Mu gidajen rediyon al'umma namu rabon shi ne fili. Akwai kundaye masu yawa a ɗakunan karatu na Maraɗi da Tawa da Damagaram a kan hatsi, wake, albasa, zogale da kiwon awaki, waɗanda ba a taɓa faɗin abin da ke cikinsu da harshen manomi ba. Muna kira ga malaman tsangayoyin noma su zo da su, mu taya su mayar da kowane bincike magana ɗaya da manomi zai iya gwadawa a rabin gonarsa. Ku kuma manoma da makiyaya masu saurarenmu, ku aiko da tambayoyinku ta wakilanmu na ƙauyuka, za mu kai su jami'a, mu dawo muku da amsar da aka ba mu kafin faɗuwar ruwan fari.